Gemu Ba Ya Hana Koyon Keke

Idan mutum ya natsu ya dubi harshen Hausa, zai tarar Bahaushe ya ɗora wa gwiwa nauyin da bai ɗora wa sauran gaɓoɓin jiki ba. Wanda aka ƙarfafa wa zuciya, sai a ce an ba shi ƙarfin gwiwa. Wanda ya karaya, gwiwarsa ce ta yi sanyi. Wanda ya jajirce a kan wani al'amari, bai yi ƙasa a gwiwa ba. Idan mutum biyu suka taru a kan aiki guda, haɗin gwiwa suka yi, in kuwa roƙo ya kai roƙo, sai a zo gwiwa bibbiyu. Shekara goma sha biyar na yi ina kawo wa ɗalibaina waɗannan misalai a darasin adon harshe, ina nuna musu yadda ake aron gaɓar jiki a yi magana a kan halin zuciya. Abin da darasin bai ƙunsa ba shi ne, gwiwar ta ainihi, wadda ake tanƙwarawa a miƙe, ita ma tana da nata zancen, kuma in ta fara magana dole a saurara.

Tawa ta fara magana ne a shekarar 2021, ina da shekara 41 a duniya. Da farko in ina hawa matakala zuwa ajin da ke saman bene, sai in ji ta hagu tana ƙara kamar an taka busasshen kara. Sannu a hankali tashi daga tabarma ya zama aiki, har in an je ɗaurin aure ko zaman makoki nakan nemi gefen bango don in sami abin dafawa. Laccar awa biyu da nakan yi a tsaye ina kai da kawowa gaban allo, sai ta koma ta zaune. Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne zaman tahiya. Ranar da na ga idona yana zuwa kan kujerun robar nan da ake ajiye wa tsofaffi a ƙarshen sahu, ranar na san batun ya wuce na man zafi.

Likitan ƙashi ya sa aka ɗauki hoton gwiwar, ya ɗaga shi ga haske ya yi mini bayani dalla-dalla. A inda ƙashin cinya ya haɗu da na ƙwauri, da kuma bayan ƙoƙon gwiwa, akwai guringuntsi mai santsi wanda ke hana ƙashi gugar ƙashi. Nawa ya fara zaizayewa. Shi guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini. Daga ruwan da ke cikin gaɓa yake samun abincinsa, kuma sai an motsa gaɓar ruwan ke ratsa shi, kamar yadda soso ke shan ruwa in an matsa an saki. Saboda haka zama wuri ɗaya yunwa ce ga irin wannan gwiwa. Ga kuma nauyin jiki, domin kowane kilo guda da mutum ya ƙara, gwiwa na jin sa kamar huɗu a duk taku. Abin da ake bukata shi ne motsin da zai juya gaɓar, ya ƙarfafa tsokar gaban cinya, ba tare da an dinga buga ƙafa a ƙasa ba. Ya ambaci iyo da keke. "Dokta," in ji shi, "ka sayi keke kawai. Ai a garin nan ba abin da ya fi shi sauƙi." Na ce to, na yi godiya, na fito. Maganar da ta rage a cikina ita ce, tun da aka haife ni ban taɓa hawa keke ba.

Na san mai karatu zai yi mamakin yadda ɗa namiji zai tashi a unguwar Hausari, a tsakiyar Maiduguri, har ya soma furfura bai iya keke ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da Rali baƙi, irin wanda ake harhaɗawa a Kano a wancan zamani. Da shi yake zuwa rumfarsa a Kasuwar Monday, kullum da safe sai ya goge shi da tsumma kafin ya fita, kuma ko ƙararrawarsa yaro bai isa ya taɓa ba. Yaran unguwa a wurin masu haya suke koyo. Ka ba da 'yan kwabbai, a ba ka keke na ɗan lokaci, ka zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda ka yi ta fama. A irin wannan haya ne yayana ya faɗi ya karye a hannu, maɗori ya ɗora, hannun ya warke a karkace. Tun daga ranar mahaifiyarmu ta rantse ba wani ɗanta da zai sake hawa laulawa tana gani. Daga nan sai makarantar kwana, sai jami'a, sai bayan 'yan acaɓa, sai kuma 'yar Kwatano da na saya bayan na kama aiki. Wato daga ƙafa biyu na tsallaka zuwa taya huɗu, ban bi ta kan taya biyu ba.

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne, Maiduguri ta zama garin kekuna ina ji ina gani. A watan Yuli na 2011, lokacin da hare-haren da ake kaiwa a kan babura suka yi yawa, gwamnatin Jihar Barno ta hana hawan babur a cikin birnin, na haya da na gida baki ɗaya. Keke Napep ya gaji 'yan acaɓa, amma wanda ya saba da abin hawansa na kansa, kuma ba shi da halin mota, sai ya koma ga keke. Garin kuwa shimfiɗe yake kamar faifai, ba hawa ba gangara, ga inuwar darbejiya a gefen tituna. Duk wanda ya bi hanyar Bama da safe, ko ya tsaya a shataletalen Fos Ofis, ya ga abin da nake faɗa: leburori da teloli da 'yan makaranta, wani da buhun gawayi a kariya, wani ya goyo yara biyu, wani dattijo da farin gemu yana tafe a natse kamar a kan buzunsa yake zaune. Shekara goma sha biyu na yi ina wuce su a mota, ina matsa musu oda.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Albashi kuwa tafiyar hawainiya yake yi. Motoci suka fara kwana suna wuni a rumfa suna tara ƙura a gidajen ma'aikata. Shawarar da likita ya ba ni, sai ga aljihu ya zo yana maimaita ta kalma da kalma. Faɗuwa ta zo daidai da zama, in ji masu iya magana, sai dai a wurina faɗuwar ce ainihin abin tsoro.

An ce tsoro na daji, kunya na gida, ni kuwa duka biyun suka tare ni a ƙofar gida. Bahaushe ya daɗe yana auna mutum da abin hawansa. Akwai zamanin da keke ke kan gaba, lokacin da malamin makaranta da akawun En'e da malamin asibiti ke tafe a kan Rali ana kaucewa ana gaishe su. Babur ya zo ya ture keke, mota ta ture babur, har aka kai ga in an ga mai digiri uku a kan keke, abin da za a fara tambaya shi ne me ya same shi. Wannan kunya ɗaya ke nan. Ta biyu ta fi ta ciwo, wato a ga mutumin da ke tsayawa gaban ɗalibai ɗari biyu yana yi musu gyara, ga shi yana tangal-tangal a kan abin da ɗan shekara shida ke yi da hannu ɗaya. Da na faɗa wa uwargida niyyata, shiru ta yi na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Malam, in ka faɗi a kan gwiwar fa?" Tambayar da ni ma nake kwana da ita ke nan.

A watan Janairu na 2024 na sayi keken, na hannu, mai giya, irin wanda ba shi da sanda a tsakiya, domin gwiwar ba za ta yarda in wurga ƙafa ta bayan sirdi ba. Na tura shi zuwa wurin wani dattijo mai gyaran keke da ke zama a gindin darbejiya kusa da unguwarmu, ɗaya daga cikin mutanen Bama da rikici ya koro a 2014. Ya matsa tayoyin, ya ja burki, ya ce, "Na yaro ne, Malam?"

Na ce, "Nawa ne, Baba."

"An kwana biyu ba a hau ba ke nan."

"Ban taɓa hawa ba, Baba."

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi furfurar da ke haɓata, bai yi ko murmushi ba. Ya jawo sifana ya kwance feda duka biyu ya jefa cikin akwatin kayan aikinsa, ya sassauta sirdi ya sauke shi har ƙasa. Ya ce, "Zauna. Tafin ƙafarka biyu sun taka ƙasa? To, je ka yi ta turawa da ƙafa. Ranar da ka ɗaga ƙafafu ka ƙirga goma ba ka sauke ba, ka zo ka karɓi fedarka."

Daga baya, da halin malanta ya motsa na shiga karance-karance, sai na tarar dattijon nan ya mayar da ni inda keke ya faro ne. A 1817 wani Bajamushe, Karl Drais, ya fito da abin hawa na katako mai taya biyu a garin Manhaim, ba feda ba sarƙa, da ƙafa ake tura shi. Sai a shekarun 1860 aka liƙa wa tayar gaba feda a Faransa. Keke irin wanda muka sani, mai sarƙar da ke juya tayar baya, John Kemp Starley ne ya fito da shi a Ingila a 1885, sannan a 1888 John Dunlop ya kawo taya mai iska. Ashe 'yan Adam ma sai da suka yi shekara arba'in da 'yan kai kafin su sami feda. Shekarun suka zo daidai da nawa, abin ya ɗan sanyaya mini rai.

Filin ƙwallon da ke bayan gidajenmu ya zama ajina, lokacin darasi kuwa daga idar da sallar asuba zuwa fitowar rana. Hunturu ya yi mini rana, domin hazo ya rufa mini asiri, sanyi kuma ya tsare mutane a ɗaka. Ɗana mai shekara goma sha ɗaya shi ne mai sa ido. A nan na ga bambancin koyon yaro da na babba. Yaro na faɗuwa zai tashi ya karkaɗe wando, kafin ƙura ta lafa ya manta. Babba kuwa tun kafin ya faɗi ya riga ya gama lissafin kuɗin asibiti, da makonnin da zai yi a kwance, da wanda zai riƙe masa darasi. Wannan lissafi shi ke sandarar da kafaɗu, ya sa hannu ya ƙanƙame kan keke, ido ya kafe a kan tayar gaba. Jikina kuma, ba tare da ya shawarce ni ba, ya ɗauki aikin gadin gwiwar hagu, har yaron ya lura ya ce, "Baba, kullum ta dama kake sauka."

A kwana na huɗu dattijo ya ba ni darasi na biyu, wanda ya saɓa wa hankali. Hankali yana gaya wa mutum in keke ya karkata hagu ya juya kansa dama don ya tayar da shi. Dattijo ya ce, "Inda ya karkata, Malam, nan za ka bi shi. Ya yi hagu, ba shi hagu kaɗan, zai miƙe da kansa." Gaskiya ya faɗa. Mai keke kullum cikin ƙananan faɗuwa yake, kuma juya kai zuwa inda ake faɗuwa shi ke mayar da tayoyi ƙarƙashin nauyin jiki, kamar yadda yaro ke tsayar da sanda a tafin hannunsa yana bin ta duk inda ta nufa. Shi ya sa in ka dubi sawun tayar gaba a ƙasa, ko na gwani ne, za ka ga yana ɗan lanƙwasa kamar sawun maciji. Wannan ƙa'ida cikin minti guda na fahimce ta, amma jikina sai da ya ɗauki kwana tara kafin ya yarda. Na sha ganin ɗalibi ya haddace ƙafafun aruli, ya yanka baiti daidai a takarda, in an ce ya rera sai karin ya karye. Alhaji Mamman Shata kuwa bai taɓa zama ajin nazarin waƙa ba, amma kalangu bai taɓa barinsa a baya ba. Akwai ilimin da ba ya zama a ka sai ya sauka cikin gaɓoɓi, kuma digiri ba ya rage wa mutum ko kwana ɗaya daga cikin kwanakin saukarsa.

Da aka mayar mini da feda, sai rigima ta tashi tsakanin tsoro da gwiwa, kuma a kan sirdi aka yi ta. Mai koyo yana son sirdi a ƙasa, domin da ya ji motsi ya dire ƙafa biyu. Amma in sirdi ya yi ƙasa, duk sanda feda ta hau sama gwiwa na tanƙwarewa sosai, ƙoƙon ya danne guringuntsin da ke bayansa, daidai lokacin da ake bukatar taka fedar da ƙarfi. Mai lafiyar gwiwa zai jure haka, ni kuwa minti goma ya isa in kwana ina jin ta. Ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi ta ba ni ma'auni: in zauna a kan sirdi, in ɗora diddige a kan feda lokacin da take can ƙasa, in ƙafa ta miƙe sak to tsawon ya yi. A wannan tsawo kuwa, yatsun ƙafa ne kaɗai ke taɓa ƙasa. Wato inda gwiwa za ta sami sauƙi, nan ne ƙasa ke yi wa mutum nisa. Dattijo ne ya raba gardamar. Kowace Asabar sai ya ɗaga sirdin faɗin yatsa guda, ya ja zane da ƙusa a jikin ƙarfen. Kowane zane na nufin na sallama wani yanki na ƙasar da nake dogara da ita, gwiwa kuma ta sami wani yanki na sauƙi. Zane bakwai aka yi kafin a kai inda ake so, kuma suna nan a jikin ƙarfen.

Sauran ƙa'idojin ba su da yawa. A sa giya mai sauƙi a riƙa juya feda da sauri, maimakon giya mai nauyi da za a dinga dannawa. Ciwon da ya lafa kafin washegari ba abin damuwa ba ne, amma wanda ya kwana ya wuni, ko ya zo da kumburi, alama ce ta a rage. A kiyayi rairayi, domin yakan riƙe tayar gaba ya kayar da mutum a tsaye. Tsidau kuwa ba a kiyaye shi, sai dai a saba da mai faci.

Wata rana da dare ina shafa wa gwiwar mai, yaron ya kawo waya ya nuna mini hoton bidiyon wani matashi ɗan Ingila, Ed Pratt, wanda ya zagaya duniya a kan keke mai taya ɗaya daga 2015 zuwa 2018. Irin wannan keke fedarsa a jikin taya take, in ƙafa ta tsaya taya ta tsaya, kuma ban da hagu da dama mai shi na iya faɗuwa gaba ko baya. Abin da ya ja hankalina shi ne gargaɗin da ake yawan yi wa masu koyonsa, cewa su saki nauyinsu a kan sirdi. Mai koyo yakan tsaya da ƙafafunsa a kan feda ko da ana ganin a zaune yake, shi ya sa cinya da gwiwa ke gajiya cikin 'yan mintoci. Taya ɗaya ce ko biyu, zaman mai tsoro iri ɗaya ne, rabin zama, irin na wanda aka ba kujera a gidan surukai. Washegari na hau na zauna sosai, na bar sirdi ya yi aikinsa, na kuwa ji bambancin a gwiwa tun kafin in gama zagaye na uku.

A farkon watan Maris, ana saura 'yan kwanaki a kama azumi, na fara zuwa aiki a kan keke. Babbar riga ta zauna a gida, na sa gajeren kaftani, na ɗaure bakin wando don kada sarƙa ta cije shi. Tafiyar da mota ke yi cikin minti goma na yi ta a rabin awa. Dariyar da na yi wata biyu ina jira ba ta zo ba. Masu gadi suka ce, "Malam, man fetur ne?" Na ce har da shi. Matsalar da ban yi tsammani ba ita ce gaisuwa, domin hannu biyu na kan keke, ba wanda zan iya ɗagawa. Ɗalibai na gaishe ni ina gyaɗa kai kamar ƙadangare. Wani farfesa ya ɗaga mini hannu daga cikin mota, da ya ga ban mayar ba, ya aiko a tambaye ni ko ya yi mini wani laifi ne. Sai da na ƙara mako uku kafin hannun dama ya sami 'yancin amsa sallama.

Game da gwiwa, guringuntsin da ya zaizaye ba ya dawowa, kuma in sanyi ya sauko takan tuna mini tana nan. Amma na sauke kilo bakwai, ina hawa bene ba tare da na dafa bango ba, lacca ta koma ta tsaye, kuma yawancin kwanaki a ƙasa nake zaman tahiya tare da jama'a. Akwai kuma wata riba da likita bai rubuta ba. A kowace shekara akwai wasu ɗalibai da ke zama a bayan aji, malaman firamare da ma'aikata da suka dawo neman digiri da furfurarsu, waɗansu ma 'ya'yansu sun kai sa'annin waɗanda ke layin gaba. Ba sa ɗaga hannu, ba sa tambaya. Yanzu na san lissafin da suke yi kafin su buɗe baki, na san kuma abin da hazo ke yi wa mai koyo. Nakan ce su same ni a ofis su biyu ko uku, mu ɗauki baiti guda mu yi ta juya shi inda ba mai gani, mako mai zuwa mu ƙara faɗin yatsa.

Ba a daɗe ba wani abokin aiki, wanda ya girme ni da shekara biyar, ya shigo ofishina ya tura ƙofa. Muka gaisa, ya yi zancen jarrabawa, ya yi zancen zafin gari, sannan ya rage murya ya ce, "Dokta, wai da gaske ne da girmanka ka koya?" Na ce da gaske ne. Ya yi shiru yana kallon takardun da ke kan tebur, can ya ce nasa likitan ma keke ya ce masa, saboda ciwon sukari, shekara biyu ke nan. Ban tambaye shi abin da ya hana ba. Na gaya masa inda filin yake da lokacin da ba kowa, da yamma kuma na biya ta gindin darbejiya na ari sifana wurin Baba.